Ciwon Ramin Kai a Kifayen Sikilid na Tankin Ado: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gane Shi

Duk mai kiwon oska, diskas ko wani babban sikilid, wato dangin kifayen da waɗannan biyun suke ciki, ya san faɗuwar gaban da ke zuwa idan ya hango ɗan rami a goshin kifin da ya daɗe yana reno. Tambayoyin nan su ne suka fi maimaituwa a bakin masu kiwo a irin wannan lokacin. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma an fi ba da ƙarfi ga gane ciwon, domin a nan ne aka fi yin tuntuɓe.

1. Mene ne ainihin ciwon ramin kai?

Zaizayewa ce ta fata da naman da ke ƙarƙashinta, wadda ke farawa a bakin ƙananan ƙofofin ji da ke kan kifi. Allah ya yi wa kifi wata hanyar ji da mu ba mu da ita: siraran bututu ne a ƙarƙashin fata, sun ratsa goshi da kewayen ido da muƙamuƙi, sannan suka miƙe a gefen jiki har wutsiya. Shi ake kira layin gefe. Ruwa na shiga ta ƙofofin, ya kaɗa wasu ƙwayoyin ji masu gashi-gashi, ta haka kifi ke sanin motsin abin da ke kusa da shi ko da cikin duhu ne. Idan naman da ke bakin ƙofa ya fara mutuwa, sai ta buɗe ta zama rami.

Ramin alama ce kawai. Kamar zazzaɓi yake a jikin mutum, yana nuna akwai matsala amma bai faɗi tushenta ba. Kifaye biyu na iya fitowa da rami iri ɗaya sak, ɗaya saboda lalacewar ruwa, ɗaya saboda ƙwayoyin cuta sun cika masa hanji. Saboda haka gane ciwon aiki biyu ne: tabbatar da cewa ramin na ciwo ne (tambaya ta 3 da ta 11), sannan gano abin da ya haddasa shi a wannan tankin naka (tambaya ta 5 zuwa ta 10).

2. Waɗanne kifaye ya fi kamawa?

Manyan sikilid na Kudancin Amurka ne kan gaba: oska, diskas, seberum, uwaru da dangin *Geophagus* masu tonon yashi. Kifin anjel da fulawahon su ma suna ciki. Sikilid na Tafkin Malawi da na Tanganyika sukan kamu, amma a wurinsu matsalar hanji ta fi fitowa a matsayin kumburin ciki. Ya fi yawa a manyan kifaye da suka shekara a tanki, domin sannu a hankali yake taruwa. Akan gan shi kuma a gurami da wasu kifayen teku.

3. Na ga ƙananan huji a kan kifina. Ta yaya zan san ba halittarsa ba ce?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, domin lafiyayyun kifaye da dama sun sha magani a banza saboda ƙofofin da aka halicce su da su. Kashe fitilar ɗaki, ka haska kan kifin da tocila daga gefe, ka jira ya fuskance ka. Ƙofofin halitta a jere suke, kuma abin da ke dama shi ne a hagu, wuri ɗaya, girma ɗaya. Bakinsu santsi ne, launinsu launin fatar ne, ba sa fari, ba sa fitar da komai. A babban oska mai tsawon santimita 30 ana ganinsu ƙarara, kuma hakan ba komai ba ne.

Ramin ciwo kuwa ba ya bin tsari. Za ka ga ɗaya ya fi 'yan'uwansa faɗi, bakinsa ya ɗan ci, cikinsa ya koɗe ya yi toka-toka ko fari, kuma takwaransa na ɗaya ɓangaren bai canza ba. Mafi ƙarfin shaida ita ce girma. Ɗauki hoto yau, ka sake ɗauka bayan mako guda daga kusurwa ɗaya da haske ɗaya. Ƙofar halitta tana nan yadda take, ramin ciwo kuwa zai faɗaɗa ko ya sami maƙwabta.

Abubuwa uku na rikita sababbin masu kiwo. Sikilid hanci ɗaya yake da shi a kowane ɓangare, saɓanin yawancin kifaye masu biyu-biyu, kuma wannan hujin da ke tsakanin ido da baki yakan yi kama da rami. Layin gefensa a katse yake gida biyu, na sama da na ƙasa kusa da wutsiya, don haka katsewar ba zaizayewa ba ce. Sannan dangin *Aulonocara* na Tafkin Malawi suna da manyan ƙofofi a ƙasan kai, da su suke jin motsin ƙananan halittu a cikin yashi.

4. Yaya yake farawa, kuma yaya yake ci gaba?

Yakan fara da 'yan ɗigo masu girman kan allura a saman ido ko tsakanin ido da hanci, waɗanda suka koɗe fiye da fatar da ke kewaye. Wani lokaci sai ka ga ɗan farin zare yana leƙowa daga ramin. Mutane kan ɗauka tsutsa ce, alhali mataccen nama ne da majina ke fitowa. A wannan matakin kifin na iya ci gaba da cin abinci da iyo lafiya ƙalau, shi ya sa ake sakaci da shi.

Bayan makonni ko watanni ramukan sukan faɗaɗa su haɗe, su zama kwari mai zurfi, wani lokaci zaizayewar ta bi layin gefe. Idan abin ya yi nisa sai bakteriya ko fumfuna su samu ƙofa, bakin ramin ya yi ja ko ya yi furfura. Yawanci waɗannan ne ke ƙarasa kifin, tare da rama. Idan kuwa rami ya bayyana dare ɗaya, babba, to ka fi zargin rauni (tambaya ta 11).

5. To me ke kawo shi?

Masana ba su tsaya a kan sanadi guda ba, kuma abin da ake gani a tankuna yana nuna cewa sau da yawa abubuwa biyu ko uku ne ke haɗuwa. Waɗanda aka fi samu su ne: ruwan da ya daɗe da datti, musamman mai yawan naitiret, sinadarin da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, abincin da bai cika ba, mai ƙarancin bitamin C ko mai rikitaccen ma'auni tsakanin kalsiyam da fosforas, ƙwayoyin cuta masu bulala (siririn zaren da suke iyo da shi) da ke yawaita a hanji, da takura ta dogon lokaci, kamar cunkoso, ƙaramin tanki ko wani kifi mai cin zali.

Suna jan juna ne. Mummunan ruwa yana raunana garkuwar jiki, sai ƙwayoyin hanji su yi yawa, su lalata bangon hanjin, kifin ya kasa tsotse abin da ke cikin abincinsa, fatar da ke bakin ƙofofin ji, wadda dama sirirya ce, ta kasa gyara kanta. A ganina mai kiwo ya fi cin riba idan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga wanda ya fi sauƙin aunawa: ruwa, sannan abinci, sannan zaman tankin, sannan hanji.

6. An ce Hexamita ce ke kawo shi. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya, amma maganar ta fi haka faɗi. Tsofaffin littattafan kiwo sun saba kiran waɗannan ƙwayoyin *Hexamita*. Da aka duba su da madubin likita mai ƙarfin gaske, sai aka ga yawancin waɗanda ke cikin sikilid dangin *Spironucleus* ne. A 1995 aka bayyana *Spironucleus vortens* a matsayin sabon nau'i, daga hanjin kifin anjel. Halitta ce mai ƙwaya ɗaya, mai bulala takwas, kuma 'yar'uwar *Giardia* ce da ke sa mutane gudawa.

A 2001 masu bincike biyu a Ingila, Paull da Matthews, sun same ta a cikin ramukan kai da kayan cikin diskas da anjel masu wannan ciwo. Su kansu sun gabatar da ita ne a matsayin abin da zai iya zama sanadi, ba su yanke hukunci ba. Dalili kuwa a fili yake: lafiyayyun sikilid da yawa suna ɗauke da ita kaɗan a hanji ba tare da wata illa ba, kuma akan sami kifi mai manyan ramuka wanda aka duba aka rasa ta. Abin da ke da muhimmanci shi ne yawanta, da kuma ko kifin yana nuna alamun ciwon hanji (tambaya ta 7 da ta 12).

7. Kifina yana yin farin kashi mai zare. Wannan ya tabbatar?

Bai tabbatar ba, amma ya ƙara nauyin zargi. Farin kashi mai yauƙi da ke bin kifi yana reto majinar hanji ce, wani lokaci haɗe da saɓar bangon hanjin. Ƙwayoyi masu bulala na kawo shi, tsutsar ciki irin *Capillaria* na kawo shi, bakteriya ma haka. Kifin da ya kwana biyu bai ci komai ba shi ma zai fitar da irinsa, don babu abin da zai ba kashin launi.

Duba abin da ke tare da shi. Kifin da hanjinsa ya kamu yakan ɗauki abinci ya tofar, ya koma lungu ya juya wa gilashin gaba baya, ya matse fukafukansa. Diskas yakan yi duhu. Dube shi ta gaba: idan naman da ke saman idanu ya shige, goshin ya yi siriri, to rama ta yi nisa. Rami tare da waɗannan alamu yana nuni ga hanji. Rami a kifi mai ƙiba, mai haɗama, mai kashi baƙi-baƙi, ya fi nuni ga ruwa ko abinci.

8. Me zan auna a ruwa, kuma wane adadi ne abin damuwa?

Auna kafin ka canza ruwa. Da yawa sukan firgita su zubar da rabin tanki, sannan su auna, sai sakamakon ya fito da kyau, shaidar ta ɓace. Amoniya da naitirait, wato NO2, dole su zama sifili. Naitiret, wato NO3, shi ne babban wanda ake zargi: ga oska da diskas ya fi kyau ya tsaya ƙasa da miligiram 20 a lita, kuma idan ya saba wuce 40 to ka sami abin da za ka fara gyarawa. Garau ɗin ruwa ba hujja ba ce, domin naitiret ba shi da launi, ba shi da wari.

Idan kayan awonka na ɗigawa ne, girgiza kwalbar naitiret sosai kamar yadda takardar ta ce. Sinadarin da ke ciki yana kwantawa, kuma idan ba a girgiza ba sai ya nuna adadi ƙasa da na gaskiya. Auna ruwan da kake zubawa shi ma, don wani ruwan da naitiret ɗinsa yake zuwa. Duba pH da taurin ruwa: a tsohon tankin da ba a cika canza wa ruwa ba, pH kan zame ƙasa sannu a hankali. Duba zafi da ma'auni na dabam, kada ka dogara da lambar da ke jikin hita. Diskas na son digiri 28 zuwa 30, oska kuwa 24 zuwa 28.

Sai ka buɗe matata, ka kuma nutsa tiyo cikin tsakuwa. Idan baƙin laka ya taso ya turnuƙe tiyon, ka ga inda naitiret ɗin ke fitowa. Amma idan adadin ya yi sama ƙwarai, kada ka sauke shi rana ɗaya. Canza kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari kullum na 'yan kwanaki, da ruwan da aka cire wa kulorin kuma zafinsa ya yi daidai da na tankin, domin canji mai tsanani na iya kayar da kifin da ya saba da tsohon ruwa.

9. Ta yaya zan san ko abinci ne?

Babu awon gida da zai nuna wannan, tarihi ne zai faɗa maka. Rubuta abin da kifin ya ci a watanni uku da suka wuce, tsakani da Allah. Idan amsar abu ɗaya ce kullum, akwai abin dubawa. Zuciyar sa zalla, wadda aka saba ba diskas, tana da fosforas da yawa da kalsiyam kaɗan. Ƙananan kifaye masu rai da ake jefa wa oska, musamman kifin zinariya, suna ɗauke da sinadarin da ke rusa bitamin B1, ga kuma cututtukan da suke shigowa da su.

Duba gwangwanin abincin ma. Bitamin C yana lalacewa da zafi da iska da laima, don haka babban gwangwanin da aka buɗe tun bara ya rasa da yawa daga amfaninsa ko da kwanan watan da ke jiki bai wuce ba. Gyaran ba wuya: ingantaccen abincin sikilid sabo a matsayin ginshiƙi, a ƙara da jatan lande, tanar ƙasa mai tsabta da ɗan ganye ga masu cinsa irin su seberum da uwaru.

10. Gawayin tace ruwa yana da hannu?

A kifayen teku akwai shaida mai ƙarfi. Wani gwaji da aka wallafa a 2011 daga gidan namun daji na Toledo a Amurka ya nuna cewa wani nau'in gawayi mai ƙura ya jawo zaizayewar kai da layin gefe a kifin teku. Ba a kan sikilid aka yi gwajin ba, amma lafiyayyen tanki ba ya buƙatar gawayi kullum, don haka cire shi ba asara ba ce. Dama dole ne ka cire shi idan za ka sa magani, domin yana tsotse shi.

11. Waɗanne cututtuka ne ke kama da shi?

Rauni ne ya fi yawa. Oska kan yi karo da dutse ko murfin tanki, wasu kan yi faɗa baki da baki. Rauni yana zuwa kwatsam, yawanci ɗaya ne, siffarsa karce ce ko saɓa, ba ruwansa da inda ƙofofin ji suke, kuma a ruwa mai kyau yakan fara rufewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ƙunar hita doguwa ce, a gefen jiki.

Ciwon farin ɗigo ƙuraje ne da suka taso sama, a warwatse a jiki da fukafukai, kifin yana goga jikinsa da duwatsu. Duba da kyau: ɗigo a tashe yake, ramin kai a lotse. Gyambon bakteriya irin na *Aeromonas* ja ne, bakinsa a kumbure, yana iya fitowa ko'ina a jiki, kuma cikin kwanaki yake ci. *Columnaris* yakan yi fari-fari a baki ko gadon baya, shi ma mai sauri ne, yana iya kashewa kafin mako. Fumfuna tana fitowa da dogayen zare a tattare. *Lymphocystis* kuwa ƙulli ne mai gurzau-gurzau da ke tsirowa waje, yawanci a fukafukai.

Tambayoyi uku sukan raba gardama: a lotse yake ko a tashe, yana bin ƙofofin ji ko a'a, kuma cikin kwanaki ya zo ko cikin makonni. A lotse, a kan ƙofofi, a hankali, wannan ramin kai ne. Ka tuna dai yana iya haɗuwa da wani: jan baki a kan tsohon rami alama ce bakteriya sun shiga.

12. Yaya ake duba kashi da madubin likita?

Ba sai madubi mai tsada ba, wanda ke ƙara girma sau 100 zuwa 400 ya isa. Sirrin yana ga sabon kashi. Sa kifin a kwandon gilashi ko tanki marar tsakuwa, ka zuba ido, da zarar kashin ya faɗi ka zuƙe shi da sirinji marar allura. Ɗora ɗan kaɗan a kan gilashin madubi da ɗigon ruwan tankin, rufe da siririn gilashi, danna a hankali, ka rage hasken. Yi wannan cikin 'yan mintuna. Kashin da ya jima a ƙasan tanki yakan cika da ƙananan halittu marasa illa, su rikita ka.

*Spironucleus* ƙanana ne ƙwarai, masu ɗan tsawo, kuma motsinsu ne ke tona su: suna gudu da sauri, suna juyi, suna ratsa fili cikin ƙiftawar ido. Ɗaya ko biyu nan da can abu ne da aka saba gani. Idan filin ya cika yana tafasa da su, to hanjin ya kamu. Ƙwan *Capillaria* kuwa ba ya motsi, dogo ne mai toshi a kai da gindi, kuma maganinsa dabam ne. Wannan bambancin kaɗai ya isa dalilin yin gwajin.

Gwaji ɗaya da bai nuna komai ba bai wanke kifin ba, maimaita sau biyu ko uku a ranaku dabam-dabam. Kankaro cikin ramin kuwa aikin likitan dabbobi ne, domin sai an sa wa kifin maganin barci, kuma hannun da bai saba ba zai ƙara masa rauni.

13. Ba ni da madubi. In sa metronidazol kawai?

Idan kifin yana ci, bai rame ba, kashinsa lafiya, ka dakata. Gyara ruwa da abinci, cire gawayi, ka ba shi makonni uku zuwa huɗu kana ɗaukar hoto. Yawancin ƙananan ramuka a nan suke tsayawa. Idan kuwa akwai alamun da ke tambaya ta 7, farin kashi da tofar da abinci da rama, to magani yana da hujja ko babu madubi.

Metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, ya fi aiki a cikin abinci, domin a hanji ƙwayoyin suke. Ma'aunin da likitocin kifi suka saba bayarwa shi ne miligiram 10 a kowane giram na abinci, na kwana 5. Ga kifin da ya daina ci, akan narka wajen miligiram 5 a kowace lita ta ruwa, a maimaita bayan kwana bibbiyu har sau uku, ana canza ruwa kafin kowace maimaitawa. A kashe fitilar kashe ƙwayoyin cuta idan akwai. Yana da ɗaci kuma ba ya narkewa da sauƙi, sai an niƙe shi sosai. An haramta shi ga dabbobin da za a ci a Amurka da Tarayyar Turai, don haka kifin ado kaɗai ake nufi a nan.

Abin da nake roƙo a guje shi ne zuba magunguna kala-kala a tare. Idan kifin ya warke ba za ka san me ya warkar da shi ba, idan ya ƙara lalacewa ba za ka san me ya cutar da shi ba, kuma wasu magungunan suna kashe bakteriya masu amfani da ke cinye amoniya a matata, sai amoniyar ta tashi a kan kifin da dama bai da ƙarfi.

14. Yana yaɗuwa? In killace kifin?

Ramin kansa ba ya tsallakawa daga kifi zuwa kifi. Ƙwayoyin hanji suna yaɗuwa ta kashi, amma kafin ka ga alama sauran ma sun riga sun haɗu da su. Idan kifaye da yawa sun fito da rami lokaci ɗaya, abin da suke tarayya a kai za ka zarga, wato ruwa da abinci. Idan ɗaya ne kawai, zauna nesa da tankin na rabin awa ba tare da ka motsa ba. Sau da yawa za ka ga shi ne ake kora daga abinci, shi ne ke maƙale a bayan matata.

Killacewa tana da amfani ga wanda ake zalunta, ko wanda zai ci abinci mai magani shi kaɗai, ko wanda kake son tattara kashinsa. Sharaɗin shi ne tankin killacewar ya kasance da matatar da ta riga ta nuna, wato wadda bakteriya masu cinye amoniya suka riga suka zauna a cikinta. Babban oska a ƙaramin tanki mai sabuwar matata zai gamu da amoniya cikin kwana biyu.

15. Ta yaya zan san yana warkewa?

Hali ne ke fara dawowa: cin abinci, fitowa gaba, launi, kashi mai duhu. Ramin yana biyo baya. Farin zaren zai daina fitowa, bakin ramin ya yi santsi, sannan launi ya fara shiga daga gefe zuwa tsakiya, wani lokaci har ya fi fatar kewaye duhu. Wannan duhun alamar alheri ce. Ƙananan ramuka kan rufe cikin makonni, manya sai watanni, masu zurfi kuwa sukan bar tabo har abada. Tabon da bai canza ba tsakanin hoton wannan wata da na wancan, a jikin kifi mai ci mai ƙiba, ba ya buƙatar wani magani.

16. Na gyara ruwa, na ba da magani, amma kifin sai ramewa yake. Me ya rage?

A nan ne ake buƙatar likitan dabbobi da ya san kifi. Abu biyu ake tsoro. Na farko *Cryptobia iubilans*, wata mai bulala ce da ke yin ƙulle-ƙulle a bangon tumbin diskas da sikilid na Afirka. A madubi tana iya rikicewa da *Spironucleus* ga wanda bai ƙware ba, kuma metronidazol ba ya kawar da ita. Na biyu tarin fukan kifi, wanda bakteriyar *Mycobacterium* ke kawowa: rama sannu a hankali, gyambon da ba ya warkewa, wani lokaci karkacewar ƙashin baya ko fitowar ido. Dukansu sai an duba kayan ciki ake tabbatarwa. Tsutsar ciki ma tana iya zama dalili idan ba a taɓa duba kashi ba (tambaya ta 12).

Tarin fukan kifi yana kama mutum ta rauni a fata, ya fito da ƙulli ja a hannu ko yatsa wanda ke ƙin warkewa. Sa safar hannu ta roba idan kana da yanka, kuma idan ka ga irin wannan ƙullin ka gaya wa likita cewa kana kiwon kifi.

Idan za ka kai kifi a duba, mai rai ya fi, ko da yana gargara ne. Tafi da ruwan tankin a kwalba ta dabam, da hotunan da ka ɗauka, da adadin da ka auna, da sunan duk maganin da ka sa. Idan ya riga ya mutu, cire shi daga ruwa nan take, nannaɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle cikin leda, sa shi a firji wurin sanyi, kada ya daskare, ka kai shi cikin 'yan awanni. Ƙanƙara tana fasa naman, kuma ƙwayoyi masu bulala ba sa jimawa bayan kifin ya mutu.